Filin Tambayoyinku: Gidan Nasif na Balad ɗin Jidda, wanda alhazai ke wucewa su je sayen turare

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun ranar da na saka hoton Gidan Nasif, wani tsohon bene da ke Balad, wato tsohon garin Jidda, a wannan fili bayan dawowata daga Umra, saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan Agusta, wasu tambaya, wasu gyara, wasu kuma kawai "Malam ina tsarabata". Tsaraba dai ta ƙare tun kafin in ƙaraso gida, sai haƙuri. Tambayoyin kuwa na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa, na bar su yadda aka rubuto su sai ɗan taƙaitawa.

*Slm Malam. Ni dai sau uku ina zuwa Balad sayayya, zuwana na ƙarshe mai yi mana jagora ya nuna mana wani gida mai bishiya a ƙofarsa yace wai fadar sarkin Saudiyya ce ta da. Gsky ni banga alamar fada ba, kuma lungun ma a matse yake. Da gaske ne ko dai ya mayar damu baƙauyai ne? Daga wata Hajiya a Kano.*

Hajiya bai mayar da ku baƙauyai ba, amma ya ɗan ƙara gishiri. Sarki ya zauna a gidan, wannan gaskiya ne, sai dai ba don sarki aka gina shi ba, gidan attajiri ne, ɗan kasuwa, kuma idonki bai yi miki ƙarya ba da kika ce bai yi kama da fada ba. Sunansa Baitu Nasif, wato Gidan Nasif, yana kan titin kasuwar da ake ce wa Suƙ al-Alawi a unguwar Haratul Yaman. Wanda ya gina shi Umar Nasif ne, babban mai hannu da shuni kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda lokacin Turkawa na mulkin Hijaz. An fara ginin a 1872 aka gama a 1881, kinga kusan shekara tara kenan ana abu ɗaya.

To ki riƙe waɗannan shekarun, don a nan labarin yake. A 1869 aka buɗe mashigin ruwan Suwez, shekara uku kacal kafin a aza tubalin gidan nan. Kafin nan Jidda ta daɗe tana cin arzikin teku, tun da Sayyadina Usman ya mayar da ita tashar jiragen Makka a shekara ta 26 bayan Hijira a madadin Shu'aiba, duk wanda zai zo aikin Hajji ta ruwa nan yake sauka, daga nan ya hau raƙumi kwana biyu zuwa Makka. Amma da aka buɗe Suwez, jirage masu tururi suka fara zarya a Bahar Maliya tsakanin Turai da Indiya, sai abin ya koma wani iri, alhazai daga Indiya da Jawa da Masar suka riƙa zuwa jirgi-jirgi, hajja ma haka, shinkafa da yadi da kayan yaji daga Indiya, hatsi daga Masar, gahawa daga Yaman, turaren wuta, katako, kuma kowane buhu sai ya bi ta hannun wani ɗan Jidda kafin ya isa Makka, kowane alhaji sai ya kwana, ya ci, ya canji kuɗi, ya yi hayar raƙumi. Mafi yawan manyan benayen da kika gani a Balad a wannan tsakanin aka gina su, da kuɗin dillanci da na alhazai.

Maganar matsatsin lungu kuwa, ganuwa ce ta jawo. An zagaye garin da ganuwa tun farkon ƙarni na 16 saboda tsoron Turawan Fotugal da ke shawagi a teku, kuma sun kawo hari a 1517 ba su ci garin ba. Tunda fili a cikin ganuwa ƙayyadadde ne, mai kuɗi ba shi da inda zai faɗaɗa sai sama.

Sai zancen sarki. A Disamban 1925 ne Abdul'aziz Al Sa'ud ya shiga Jidda bayan ya yi mata ƙawanya na watanni, Sarkin Hijaz Ali ɗan Sharif Husaini ya miƙa wuya ya fita ta teku. A lokacin ma ba a kafa Masarautar Saudiyya da wannan sunan ba, sai 1932. Baƙo ya zo gari ba shi da masauki, to ina za'a kai shi in ba gidan da ya fi kowanne ba? Jikan mai gidan, Shaikh Muhammad Nasif, shi ya sauke shi, kuma ya riƙa sauka nan yana karɓar manyan gari da jakadun ƙasashe har aka gina masa fadar Khuzam a wajen ganuwa. Don haka in kin koma ki ce wa jagoran naku masaukin sarki ne, fada tana can Khuzam.

*Malam ni magini ne, shekarata 30 ina wannan sana'a. Ɗana ya nuna mini hoton a waya. Abin da ya ɗaure mini kai shine ta yaya aka yi hawa huɗu ba siminti ba rodi ba dakin, kuma a bakin teku, har yau yana tsaye? Da wane irin dutse ne? Daga wani dattijo a Damagaram.*

Baba wannan tambayar ita ta fi mini daɗi a duk cikinsu, kuma ka yi haƙuri in na yi shisshigi a sana'arka, ni mai kallo ne kawai.

Dutsen na teku ne. Dutsen murjani, amma ba jan murjanin da mata ke sawa a wuya ba, wannan fari ne mai ɗan duhu, tarin gidajen ƙananan halittun ruwa ne da suka daskare suka zama dutse shekaru aru-aru. Mutanen Jidda suna ce masa hajar manƙabi, ana haƙo shi a bakin gaɓa da wajen tafkin ruwan gishirin nan da ke arewa da tsohon gari, tafkin Arba'in. Na shafa shi da hannuna a wani bango da shafensa ya ɓare, wlh kamar soso ya bushe, duk ƙofofi, har za ka ga zanen ƙwanson halittun a jiki, in ka sa farce ka kankara sai gari ya zubo. Kyansa ba shi da nauyi, yana saruwa da gatari cikin sauƙi a yi masa kusurwa huɗu, kuma zafi ba ya ratsa shi da wuri. Aibinsa kuma ba shi da ƙwari, kuma yana shan ruwa da gishiri kamar me. Abin ɗaurin ma ba wani abu ba ne, taɓo ne da ake kwasowa daga ƙasan tafkin.

To da irin wannan kayan ai kai ma ka san in aka ɗora hawa huɗu haka kawai, rana ɗaya zai tsage daga sama har ƙasa. Dabararsu ita ce katako. Duk bayan layi biyar ko shida na dutse, wajen mita ɗaya da 'yan kai, sai su shimfiɗa dogayen itatuwa a kwance cikin bangon su zagaye ginin da su, suna ce musu takalil. In ka kalli hoton da kyau za ka ga wasu layuka masu duhu suna ratsa bangon a kwance kamar an ɗaura masa ɗamara, su ne. Aikinsu su raba nauyi daidai, in ƙasa ta ɗan zauna ta gefe ɗaya, wanda kuma dole ne a garin da ruwa ke kusa da sama haka, tsagewar ba za ta wuce ɗamara ɗaya ba. Kusan aikin da lintal ke yi mana yanzu, sai dai shi katako yana lanƙwasa ya bi ginin, kankare kuwa karyewa yake.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne gyara. In duwatsun ƙasa suka ruɓe saboda gishiri, ba sai an rushe ba, sai magini ya tokare waɗannan itatuwan da sanduna, bangon sama ya rataya a kansu, ya zare ruɓaɓɓun duwatsun ya sa sababbi, ya cire tokarar. Wato tun ranar gini an san cewa dutsen nan zai lalace, an bar masa hanyar canji.

Sannan bangon ƙasa yana da kauri sosai, ana hawa ana rage shi, yadda kuke yi wa ginin tubali, ga kuma manya-manyan tagogin katako da suka cinye rabin fuskar gidan, su ma rage nauyi ne. Rufin kowane hawa itatuwa ne aka jera kamar azara aka shimfiɗa tabarma da ƙasa a kai. A ƙarshe sai a shafe bangon duka da nura, wato farar ƙasar da ake samu in an ƙona irin wannan dutsen, ita ce rigarsa. Ita ke tare iskar teku mai gishiri, kuma tana barin bango ya yi numfashi, laimar da ta shiga ta fita. Wannan shafen ba na sau ɗaya ba ne, sai ana sabuntawa, kamar dai yaɓen da ake yi kafin damina. Gidan da aka daina shafawa ya kama hanyar faɗuwa kenan.

Kuma Baba ga abin mamaki, babban makashin gidajen nan siminti ne. Da aka shiga zamani mutane suka riƙa yi musu filasta da siminti don a huta da shafe, sai laima ta rasa hanyar fita ta zauna a ciki tana cin dutse da katako a ɓoye, waje sumul ciki ruɓaɓɓe. Aka zo aka sa famfo da bututun banɗaki a bangon da ba a gina shi don haka ba, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga dare da rana. Shi Gidan Nasif ya tsira ne don masu shi suna da halin kula da shi, daga baya kuma hukuma ta karɓa.

*Dan Allah Malam waɗannan akwatunan katakon da ke manne a jikin bango, wata ƙawata tace wai kurkukun mata ne, an yi su ne dan kar mace ta leƙa waje. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.*

Ƙanwata ki gaya wa ƙawarki ta juya maganar. An yi su ne don mace ta leƙa waje, ba tare da na waje ya gan ta ba. Sutura tana ciki, ba musu, garin Musulmi ne mai kulle, lungu a matse, tagarka tana kallon ta maƙwabcinka, ga baƙi daga ko'ina a duniya suna kai-kawo a ƙasa. Amma in don ɓoye mata ne kawai ai da toshe bangon aka yi an huta, ba sai an kashe maƙudan kuɗi ba. Kuma ɗakunan maza ma suna da su.

Sunansu roshan, jam'i rawashin, kalmar daga Farisanci ta zo, tana da alaƙa da haske. Wanda bai taɓa kwana a Jidda ba ba zai gane amfaninsu ba. Zafin Jidda ba irin na Sakkwato ba ne mai busar da leɓe, zafi ne mai laima, ka fito daga wanka kana goge jiki kana sabon gumi, inuwa ba ta yi maka maganinsa sai iska mai motsi. Iskar kuwa daga arewa da arewa maso yamma take busowa ta kan teku, shi ya sa babbar fuskar Gidan Nasif take kallon arewa. Roshan ɗin yana turowa waje daga bango kamar santimita 60, to kinga yana kamo iska ta gaba da ta gefe biyu, sannan ragar katakon tana tace rana, haske ya shigo a yayyanke ba ƙyalli. Akwai ƙananan murafu da ake ɗagawa a sauke, a buɗe na sama a bar na ƙasa, ko a karkata su yadda ake so.

Ta ciki kuma ba taga ba ce kawai, wajen zama ne, dakali ne na katako mai faɗi da ake shimfiɗa katifa da matasai, mutum biyu su zauna su sha shayi, da rana a yi ƙailula a kai. Na zauna a cikin wani a ɗaya daga gidajen da aka buɗe wa baƙi, ina ganin hular kowa da abin da ke cikin ledar kowa a ƙasa, wani yaro yana ta cin awara irin tasu yana waige-waige, ba wanda ya san ina nan. Wato tsofaffin matan Balad ba abin da ya wuce musu a unguwa, ba sa buƙatar Facebook. A nan kuma ake ajiye tulunan ruwa na yumɓu iska tana bugunsu ruwan ya yi sanyi, aikin randa dai.

Katakon kuwa ki tuna Jidda ba ta da daji. Duk ta jirgi aka kawo shi, mafi daraja icen tik daga Indiya da Jawa, wanda ke jure laima da gara, har ana ce masa jawi. Don haka yawan roshan da kyan sassaƙarsa shi ne allon sanarwar arzikin mai gida, ko ba'a gaya maka ba ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Maƙwabta irin su Gidan Ba'ishin da Gidan Matbuli da Gidan Nur Wali duk gasar da suka yi kenan, wani ma ya jona roshan tun daga hawa na ɗaya har ƙoli ba yankewa.

*Malam naji ance raƙumi yana hawa benen har sama. Anya kuwa? Daga wani direba a Maraɗi.*

Alhaji haka mutanen garin suke faɗa, kuma in ka ga matakalar ba za ka yi gardama sosai ba. Faɗi gare ta, kowane taki gajere ne ƙwarai kuma shimfiɗaɗɗe, tana tafiya a hankali tana zagayawa kamar gangare, kana hawa ba ka ma san kana hawa ba. Dalilin shi ne ɗakin girki a irin waɗannan gidaje can sama yake, don hayaƙi da zafi su fice ba su bi ta ɗakunan mutane ba. To buhun shinkafa da itace da salkar ruwa na gida mai ɗakunan da aka fi ambata adadinsu da 106, wa zai yi ta ɗauka a ka? Sai dabba.

Tsarin gidan ma na ɗan kasuwa ne tsaf. Ƙasa akwai dihliz, kamar zaurenmu, ana yayyafa masa ruwa ya yi sanyi, gefensa maƙ'ad inda mai gida ke ganawa da abokan ciniki da baƙi maza, da ɗakunan ajiya. Iyali suna hawa na sama da ƙofarsu daban. Can ƙoli akwai fili a buɗe da ake kwana lokacin zafi, sai wani ɗakin katako da ake kira ɗairama, tagogi ta kowane gefe, nan iska ta fi kaɗawa, daga nan kana hango teku da jiragen da ke shigowa. A ƙarƙashin gidan kuma akwai sahrij, matarar ruwan sama, duk abin da ya sauka a rufi indararo ya kai shi can. Ruwa a Jidda a da kuɗi ne, sai a farkon ƙarni na 20 aka kafa injin tace ruwan teku da suke kira kindasa, ruwan bututu na Ainul Aziziyya kuwa sai 1947 ya iso daga Wadi Fatima.

Bishiyar da Hajiya ta ambata a sama kuma, kar ku yi dariya, darbejiya ce. Dogon yaro, bedi, maina, duk yadda kuke kiranta a garinku. Ita wannan da muke tsinke ganyenta mu dafa in zazzaɓi ya kama mu, a Jidda an daɗe ana cewa ita kaɗai ce bishiya a cikin gari har wajen shekarun 1920, har gidan ya samu laƙabin gida mai bishiya, ana ba da labarin cewa ko wasiƙa aka rubuta haka a bayanta za ta iso. Tana nan har yanzu.

*Assalamu alaikum. Shin wannan Nasif ɗin shi ne wanda ake ganin sunansa a gabatarwar wasu tsofaffin littattafai bugun Misra? Daga wani malamin Islamiyya a Kumasi.*

Wa alaikumus salam Malam, ka canka, amma jikan ne ba kakan ba. Shaikh Muhammad Nasif, an haife shi a 1885 ya rasu a 1971. Shi dukiyar gidan littafi ya mayar da ita. Ya tara littattafai wajen 16,000 da rubuce-rubucen hannu, yana neman tsofaffin littattafan magabata yana taimakawa a buga su a Alƙahira, yana rabawa malamai da ɗalibai kyauta. Kuma ka duba inda gidan yake, duk malamin da ya sauka daga jirgi zai tafi Makka ta ƙofarsa zai bi, sai gidan ya zama masauki kuma majalisi, malaman Sham da Masar da Indiya da Magrib suna haɗuwa a zaurensa. Littattafan yanzu suna ɗakin karatu na Jami'ar Sarki Abdul'aziz a can Jidda, don haka in ka je gidan kar ka sa ran ganinsu a kanta. Dakta Abdullahi Umar Nasif da ya riƙe Rabiɗatul Alamil Islami, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, daga 1983 zuwa 1993 ɗan wannan zuriya ne.

Ni a ganina wannan ɓangaren ya fi na sarki muhimmanci, amma masu jagora ba sa faɗarsa don ba ya sa a ɗaga waya a ɗau hoto.

*Malam kace gidan yana cikin "jerin kayan tarihi". Me hakan yake nufi a aikace? Ana ba mai gida kuɗi ne ko ƙwace masa ake yi? Kuma me yasa naga wasu gidajen kusa dashi an tokare su da ƙarafa? Daga wani ma'aikaci a Abuja.*

Yallaɓai jerin iri biyu ne. Na farko na gida, a wajen 1980 lokacin magajin garin Jidda Muhammad Sa'id Farisi aka sa masana suka bi tsohon gari gida-gida suka ware sama da 500 aka kasa su daraja-daraja, aka hana rushe su ko canza musu fuska ba izini. Na biyu na duniya, a 2014 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar tsohuwar Jidda a jerin wuraren tarihi na duniya da sunan ƙofar Makka. Wato ba gidan shi kaɗai aka sa ba, unguwar ce, da masallatanta irin su Masallacin Shafi'i da kasuwanninta. UNESCO ba ta ƙwace gida, ba ta kuma aiko wa mai gida da ko sisi, ƙasar ce ke ɗaukar alkawarin kula, su kuma suna sa ido. Shi Gidan Nasif kansa gwamnati ta saye shi daga hannun iyalin tun 1975, aka gyara aka mayar da shi gidan tarihi da wajen taruka.

Ƙarafan da ka gani kuwa, ai shi ne ciwon. A 1947 aka rushe ganuwa, kuɗin man fetur ya shigo, 'ya'yan attajiran nan suka koma sababbin unguwanni ta arewa inda mota za ta shiga har ƙofa. Gidajen kakanni aka bar wa 'yan haya, talakawa baƙi, 'yan Yaman da Somaliya da Indiya da kuma 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma, a yanyanka ɗaki da falanki, a ja wayar wuta ta ko'ina, ƙasa kuma 'yan kasuwa su mayar sito. Gobara ta ci da yawa, wasu suka zauna da kansu. Kuma ni ba na ɗora wa 'yan hayan laifi, wanda ke neman na abinci ba shi zai sayo icen tik ba. Babbar matsalar gado ce, gida ɗaya magada sun kai ɗari, wasu ma ba sa ƙasar, wani gidan kuma waƙafi ne, kowa yana jiran kason haya ba mai sa hannu a aljihu, doka ta hana rushewa amma ba ta hana bari ya faɗi ba, wasu kuwa faɗuwar suke jira don filin ya fi ginin kuɗi. Wannan ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani ba.

A 2019 gwamnati ta ware Riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke dab da faɗuwa, kuma yanzu Ma'aikatar Al'adu ke riƙe da unguwar, aiki ake ba kama hannun yaro, wasu gidajen an mayar da su otal masu tsada, wasu wajen shan gahawa. Gyaran ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai, da dare in ka ɗaga kai rawashin da yawa duhu ne, ba kowa a bayansu, fitilar ado ce kawai ke haska su daga waje. An fitar da masu hayar, masu gidan ba su dawo ba.

Tunda na ambaci 'yan uwanmu, bari in ƙara wannan. Kakanninmu da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallaka daga Sawakin a kwale-kwale, waɗanda ake kira Takari, lokacin da gidan nan yake tashensa mafi yawansu ba a cikin ganuwa suke kwana ba, bukkoki suka kafa a bayanta, suna dako da ga-ruwa suna tara guzirin Makka ko na komawa gida. Ina tsaye gindin darbejiyar nan abin da ya faɗo mini kenan, buhunan da suka shiga sitocin lungun nan Allah kaɗai ya san nawa ne suka bi ta kan wuyan Bahaushe.

*A taƙaice Malam, in mutum yaje Umra ta ina zai bi ya gani, kuma yana cin lokaci? Daga wata amarya a Gombe.*

Amarya Allah ya sa alheri. Ba ya cin lokaci, in dai jadawalinku ya ba ku yini a Jidda. Daga Makka jirgin ƙasa na Haramain yana kawo ki Jidda, ko mota, ki ce a kai ki Balad a sauke ki a Bab Makka, ki bi Suƙ al-Alawi ki yi yamma kamar mai nufar teku, ki daure ki wuce masu turare da masu dabino, za ki ɓullo wani ɗan fili ki ga bishiyar. Kar ki je da azahar, ba ki ga komai sai gumi, ki bari sai bayan la'asar rana ta karkata ta bugi katakon a gefe, lokacin sassaƙar ke fitowa. Ba kullum ƙofar take a buɗe ba, ni zuwana na farko a rufe na tarar da ita na ƙare da zagaye ta waje, don haka ki sa angon ya tambaya kafin ku taso. In an dace a buɗe take, ki sa takalmi mara tsini ki hau har ɗairama, sayayyar a yi ta a hanyar dawowa don ba mai riƙe miki leda a matakala.